Ranar da aka yi wa wanzami jarfa

A ranar 21 ga Yuli, 2014, aka fara haska fim ɗin Angry Video Game Nerd: The Movie a gidan sinima na Egyptian Theatre da ke Hollywood, a Amurka. Mutumin da ya shirya shi, James Rolfe, ba ta hanyar masana'antar fim aka san shi ba. Tun 2004 yake ɗaukar kansa a bidiyo, sanye da farar riga da alƙaluma a aljihu, yana buga tsofaffin wasannin gem na zamanin Nintendo da Atari yana surfa musu ashar saboda muninsu. Da ya hau YouTube a 2006 sai jama'a suka yi masa caa. Shekaru kaɗan bayan haka ya ce yana son ya shirya cikakken fim, ya nemi mabiyansa su yi masa karo-karo a dandalin Indiegogo. Dala 75,000 ya nema. Suka tara masa sama da dala 325,000.

A gidajen sinimar da aka zaga da fim ɗin, tafi da shewa aka yi ta yi. Ko wace fuska da aka sani ta leƙo a majigi sai zauren ya ɗauki ihu. Amma da aka sake shi a intanet ta Vimeo a farkon Satumba, kowa ya zauna shi kaɗai a ɗakinsa ya kalla, sai murya ta rabu. Wasu suka ce ai wannan shi ne Rolfe ɗin da suka sani, mai son dodannin roba da ƙananan gine-ginen kwali irin na tsofaffin finafinan Japan. Wasu suka ce sun kasa kai ƙarshensa. Mai sharhin mujallar The Hollywood Reporter ya koka da tsawonsa, wanda ya kusa awa biyu, da kuma yadda fim ɗin ya shagala da sha'anin kansa. Har yau, bayan fiye da shekara goma, idan aka ambaci sunan fim ɗin a cikin masoyan Rolfe sai an yi musu.

Wannan ba a kan Rolfe kaɗai ya faru ba. Kusan duk mai sharhin fim ko gem na intanet da ya taɓa ajiye kujerar sharhi ya ɗauki kyamara ya ci karo da irin wannan tarba, kuma rarrabuwar kan 'yan kallon takan ɗauki salo guda. Abin da nake gani shi ne, kaɗan ne daga cikin abin da suke faɗa ya shafi fim ɗin kansa. Mafi yawa lissafi ne na tsohuwar hulɗar da ke tsakaninsu da mai sharhin, wadda fim ɗin ya zo ya tono.

A fara da kuɗin, domin nan ne rashin fahimta ya fi yawa. Dala 325,000 a wurin saurayin da ya cire dala ashirin ko hamsin daga albashinsa ya tura, dukiya ce mai yawa. A Los Angeles kuwa, inda aka ɗauki mafi yawan fim ɗin a 2012, kuɗi ne da babban kamfani zai iya ƙararwa kafin a kammala fitowa ɗaya. Daga ciki za a biya kason dandalin da aka tara kuɗin, a buga faifai da riguna da sauran kyaututtukan da aka yi wa masu gudummawa alkawari, a yi hayar kayan aiki, a ciyar da ma'aikata, a biya inshora da izinin ɗauka. Mai gudummawa ba ya ganin wannan. Abin da ya sani shi ne mutumin da ke ba shi dariya kyauta da kyamara ɗaya a ɗakin ƙasa na gidansa yanzu ya samu ninkin abin da ya nema har sau huɗu, don haka dariyar ma ya kamata ta ninku. Ga kuma wani abu: wanda ya sayi tikitin sinima, in fim bai yi masa ba, ya yi asarar yammacinsa ne kawai. Wanda ya ba da gudummawa kuwa ya jira sama da shekara biyu, sunansa na cikin jerin waɗanda aka gode wa, ya kare aikin a gaban abokansa tun ba a ɗauki ko hoto ɗaya ba. Irin wannan mutum ba ya iya cewa "ba laifi" ya wuce. Ko dai ya rungumi fim ɗin ya hana kowa taɓa shi, ko ya ji kamar an ci amanarsa. A tsawon lokacin jiran ma, shirin da ya saba gani ya ja baya, domin mai shirin yana can yana fama da fim. Wato ya biya kuɗi an rage masa abin da yake so, an ba shi abin da bai tabbatar yana so ba.

Amma matsalar da ta fi kuɗi girma tana cikin sana'ar sharhin kanta. Shirin sharhi na minti goma sha biyar ba ya buƙatar labari nasa. Fim ɗin ko gem ɗin da ake suka shi ne ƙashin bayan shirin: yana da farko da tsakiya da ƙarshe, mai sharhi yana binsa ne a baya yana tsayawa duk inda ya ga abin dariya. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta ba da ƙofar a yanko ɗan guntun aikin wani don a yi sharhi a kansa, ko da yake kamfanoni ba sa barin a wuce ta ƙofar cikin sauƙi. Doug Walker, mai shirin Nostalgia Critic, ƙorafin manyan kamfanonin fim ne ya kore shi daga YouTube har ya buɗe shafinsa a 2008. To, ranar da mai sharhi ya ce zai yi fim na sayarwa, wannan ƙashin bayan na aro ya tafi. Dole ya gina labari daga tushe, ya ƙirƙiri mutane, ya ba su dalilin yin abin da suke yi na tsawon minti casa'in ko fiye.

Fim ɗin Rolfe ya nuna haka ƙarara. An gina shi ne kan wasan E.T. na na'urar Atari 2600, wanda ya fito a 1982, wanda aka daɗe ana kira mafi munin gem a tarihi, kuma wanda mabiyansa suka yi shekaru suna roƙon ya yi sharhinsa. Saboda haƙƙin mallaka, a cikin fim ɗin sai aka canza masa suna zuwa Eee Tee, aka kuma zana wani kwaikwayonsa. Sharhin da mutane suka yi ta jira bai zo ba sai a can ƙarshe, lokacin da sunayen ma'aikata ke wucewa. Kafin a kai nan sai an bi ta kan sojoji, da sansanin sojin Amurka na sirri mai suna Area 51, da baƙon halitta daga sararin sama, da wani ƙaton dodo. Abokan aikin da 'yan kallo suka saba gani tare da shi an ture su gefe, an kawo ƙwararrun 'yan wasa a matsayin abokan tafiyarsa. Ta fuskar shirya fim wannan shawara ce mai ma'ana. Ta fuskar masoyi kuwa, an shigo masa da baƙi cikin gida.

Sa'a ma ba ta taimaka ba. Jigon labarin shi ne tsohuwar jita-jitar cewa kamfanin Atari ya binne ɗimbin kaset ɗin wasan a wata bola da ke Alamogordo a jihar New Mexico a 1983. A ranar 26 ga Afrilu, 2014, wata uku kafin fim ɗin ya fito, wasu masu shirya fim na tarihi suka haƙa bolar a gaban jama'a da 'yan jarida, suka kuma tono kaset ɗin. Sirrin da aka kashe shekaru ana gina fim a kansa ya riga ya zama tsohon labari tun kafin a yanki tikitin farko.

Duk da haka ba na cikin masu cewa fim ɗin shara ne. Aikin hannu da ke cikinsa, da motocin wasan yara da aka ɗauka kamar na gaske, da mutumin da ke cikin rigar dodo yana rushe gari, duk suna da ɗumi irin wanda ba a samu a aikin kwamfuta. Kuma ya gayyato Howard Scott Warshaw, mutumin da ya haɗa wasan E.T. cikin kusan mako biyar kacal da aka ba shi, ya fito da kansa, aka kuma wanke shi. Wannan karamci ne daga mutumin da ya yi suna da zagi. Laifin fim ɗin shi ne bai san inda zai tsaya ba.

A nan ne ake fito da garkuwar da ta fi kowace yawo a irin wannan musu: ai da gangan aka yi shi da muni. Babu inda wannan magana ta fi ƙarfi kamar a kan Space Cop, fim ɗin da kamfanin Red Letter Media na birnin Milwaukee ya fitar a Janairun 2016. Mike Stoklasa da Jay Bauman da Rich Evans, jiga-jigan kamfanin, ba ƙananan masu sharhi ba ne. A ƙarshen 2009 Stoklasa ya saki sharhi na minti 70 kan fim ɗin Star Wars na 1999, ya warware shi zare-zare, har ya zama abin da ake koyi da shi a wannan fage. A cikinsa ne ya kawo wani gwaji da ya shahara: a bayyana halin ɗan wasa ba tare da an ambaci kamanninsa ko tufafinsa ko aikinsa ba. Idan an kasa, to marubucin bai gina mutum ba. Daga baya suka buɗe shirin Best of the Worst, inda suke zama su kalli tsofaffin finafinai marasa kyau su yi ta dariya. Wato sun shekara suna koya wa mabiyansu yadda ake gane fim mai rauni, da kuma bambancin fim ɗin da muninsa ke ba da nishaɗi da wanda muninsa ke sa barci.

Sai ga nasu ya fito, bayan shekaru ana jan ƙafa a kansa tun wajen 2008: ɗan sandan zamani mai zuwa da ya faɗo zamaninmu, aka haɗa shi aiki da wani ɗan sanda da aka daskarar tun shekarun 1940. Masu kare shi suka ce ba'a ce ake yi wa finafinan 'yan sanda na shekarun 1980, duk wanda bai yi dariya ba bai gane ba ne. Masu suka suka mayar da martani da darasin da malaman suka koya musu da bakinsu, cewa fim mara kyau yana da daɗi ne idan mai shi ya yi iya ƙoƙarinsa da zuciya ɗaya ya faɗi. Wanda ya faɗi da gangan yana ƙifta wa 'yan kallo ido ba ya ba da irin wannan dariyar. Ina ganin masu sukar sun fi gaskiya a nan. Garkuwar "da gangan" tana kare fim daga zargin rashin iyawa, amma ba ta kare shi daga zargin gundura, kuma gundura ce babban ƙorafin. Abin da ya rage zafin lamarin shi ne su ukun ba su tsaya kare kansu ba. Su da kansu suke tsokanar fim ɗin nasu a shirye-shiryensu, don haka mai son ya yi musu gori sai ya tarar sun riga shi.

Akwai kuma rukunin da fim ɗin bai dame su ba sam, ramuwa suka zo yi. Duk wanda aka taɓa yi wa fim ɗin ƙuruciyarsa kaca-kaca yana ajiye da abin a ransa. Maganarsu ɗaya ce: kai da ka iya zagin na wasu, ga naka nan. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa, kuma babu shakka akwai daɗi a ga an kwantar da shi an ɗauko aska. Sai dai hujjar ba ta da ƙarfin da masu ita ke zato. Ganin aibi a aikin da aka kammala wata baiwa ce daban, yanke ɗaruruwan shawarwari a wurin ɗauka, rana na faɗuwa, kuɗi na ƙarewa, ɗan wasa ya makara, ita ma wata ce daban. Munin Space Cop bai rage ko ƙwayar zarra daga gaskiyar abin da Stoklasa ya faɗa kan Star Wars ba. Roger Ebert, wanda ya zama mai sharhin fim na farko da ya ci kyautar Pulitzer a 1975, ya rubuta labarin wani fim a 1970 da masu sharhi da yawa suka yi wa ruwan suka a lokacin, bai kuma hana shi zama wanda aka fi saurara a Amurka ba.

Ba kuma gaskiya ba ne cewa mai sharhi ba ya iya zama darakta. François Truffaut na Faransa ya yi kaurin suna wajen caccakar finafinan ƙasarsa har aka hana shi shiga bikin finafinai na Cannes na 1958. Shekara ɗaya bayan haka ya koma bikin da cikakken fim ɗinsa na farko ya karɓi kyautar gwarzon darakta. Bambancin da ya kamata a lura da shi shi ne, Truffaut bai yi fim kan wani mai sharhi mai suna Truffaut ba. Ya yi ne kan wani yaro da gida da makaranta suka gaza riƙewa, kuma wanda bai taɓa karanta layi ɗaya na rubutunsa ba zai iya kallo ya ji abin a jikinsa. Masu sharhin intanet na wancan zango ba su da wannan 'yanci, ko kuma ba su yi ƙarfin halin karɓarsa ba. Fuskarsu da barkwancinsu ne jarinsu, su aka biya kuɗi a gani. Sai fim ya fito cike da raha da sai ɗan gida ke ganewa. Baƙo ya kalla ya rasa gane me ake yi wa dariya, ɗan gida kuma ya ga an tsinka masa abin da ya saba sha da kauri.

Chris Stuckmann na jihar Ohio ya ga duk wannan, ya bi wata hanya. A 2021 ya sanar cewa ya daina sharhin finafinan da ba su burge shi ba, domin ya san wahalar da ke cikin shirya ko da mafi rauninsu. Mabiyansa da yawa ba su ji daɗi ba, suka ce yana share wa kansa hanya ne a Hollywood, yana gudun ɓata wa waɗanda zai nemi aiki a wurinsu rai. A 2022 ya nemi gudummawa a dandalin karo-karo na Kickstarter don fim ɗin ban tsoro mai suna Shelby Oaks, mutum sama da 14,000 suka tara masa kusan dala miliyan 1.4, abin da babu wani fim ɗin ban tsoro da ya taɓa samu a dandalin kafin nan. Bai sa kansa a matsayin jarumi ba, bai cika shi da barkwancin tasharsa ba. Darakta Mike Flanagan ya mara masa baya, kamfanin Neon ya sayi fim ɗin, aka fara nuna shi a bikin finafinai na Fantasia na Montreal a Yulin 2024, daga baya Neon ya ƙara kuɗi aka sake ɗaukar wasu wurare, ya shiga sinima a Oktoban 2025. Ra'ayi ya rabu a kansa shi ma, amma ƙorafin ya sauya launi. An yaba wa farkonsa, aka ce sauran ya yi kama da tarin finafinan da mai shi ya kalla ya so. Wannan ciwo ne na mutumin da ya kalli fim dubu kafin ya yi nasa: ya san duk abin da ya taɓa yin aiki, sai hannunsa ya riƙa kai wa gare su. Daina sukar da ya yi kuwa bai saya masa sassauci ba. Waɗanda suka ji haushin shirunsa su ne suka fi zaƙewa.

Na bar finafinan Channel Awesome, kamfanin da ke gudanar da shafin Doug Walker, zuwa yanzu domin su ne suka nuna cewa hukuncin 'yan kallo ba ya zama wuri ɗaya. Shafin Doug Walker ya tara masu sharhi da dama, kowa da shirinsa, kuma duk shekara akan haɗa su a yi fim na murnar zagayowar ranar kafa shafin. A 2010 aka yi Kickassia, inda suka "mamaye" Molossia, wani ɗan fili a jihar Nevada da mai shi ya ayyana a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta. A 2011 aka yi Suburban Knights, a 2012 kuma To Boldly Flee, wanda ya kai kusan awa uku da rabi. Kyauta aka saka su a shafin, kashi-kashi. Ba wanda ya biya, don haka ba wanda ya ji an cuce shi. Sauti ba shi da kyau, haske ba shi da kyau, yawancin masu fitowar ba 'yan wasa ba ne, amma masoyan lokacin, waɗanda galibinsu matasa ne, ba wannan suka zo gani ba. Sun zo ne su ga mutanen da suka saba gani ɗaya-ɗaya a ɗakunansu yau sun haɗu a fili ɗaya suna wasa kamar 'yan uwa. Ƙarancin kuɗin ma wani abin so ne, shaida ce cewa abota ce ta haɗa aikin.

A Afrilun 2018 wasu tsofaffin masu shiri a shafin suka fitar da wata takarda mai shafi sama da 70 suna zargin shugabannin kamfanin da wulaƙanci da rashin iya gudanarwa. Daga cikin abin da suka faɗa har da yadda aka ɗauki waɗannan finafinan: doguwar ranar aiki ba biya, ƙarancin abinci da ruwa a wurin ɗauka, da rashin kula da lafiyar masu fitowa. Martanin da kamfanin ya bayar ya ƙara hura wutar, cikin 'yan makonni kusan duk masu shirin suka fice. Ko daƙiƙa ɗaya ba a canza a finafinan ba, amma wanda ya koma ya kalle su bayan 2018 wani abu daban yake gani. Gajiyar da ke fuskar masu fitowa, wadda a da ake ɗauka wasa ce, yanzu ana karanta ta a matsayin gajiya ta gaske. Sabbin masu sharhi, waɗanda da yawansu da waɗannan shirye-shiryen suka tashi, sun mayar da finafinan uku abin yin dogayen bidiyo, suna bin su fitowa bayan fitowa, suna tsayawa duk inda suka ga abin dariya ko abin takaici.